Kwat ɗin da Babana Bai Buga Ba

Kuma kada ka ce mini ai magana ta wuce, don ni a wurina ba ta wuce ba. In kai ɗan Rano ne, na san ka sha jin ana cewa "aikin Lado" in an ɓata wa mutum abu. Tela ya karkatar da wuyan riga, wanzami ya yanki kunne, sai ka ji wani ya ce, "Kai, wannan ai aikin Lado ne," a kwashe da dariya. Wataƙila kai ma ka taɓa faɗa. To Ladon nan ubana ne. Yana nan da ransa, yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙarar gudumarsa. Ni ce Ramlatu 'yarsa, aji huɗu na yi, in ka ga kuskure a rubutuna ka haɗiye, ba shi ya kawo mu ba.

A Zurgu aka haife shi. Ubansa manomi ne, amma shi tun yana saurayi aka kawo shi Rano wurin kawunsa mai bugu a bakin marina. In ba ka san bugu ba, ga shi: a wanke riga, a sa mata sitaci, ta sha iska, a yayyafa mata ruwa, a ninke, a ɗora kan gungumen icce, a yi ta dukanta da guduma har ta kwanta ta ɗauki ƙyalli. A baki ne yake da sauƙi. Shekara talatin da wani abu yana wannan aiki. Kunnensa na hagu ya tafi saboda ƙara. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu girma, in ya sa riga sai ta zame gefe guda, kullum Inna tana bin sa har zaure tana gyara masa. Ba shi da gonar kirki, ba shi da sarauta, bai je Makka ba. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ya ɓata ba. Ko sau ɗaya. Daga Rurum, daga Kibiya, mutum zai ɗaure rigarsa a bayan keke ya wuce masu bugun garinsu ya kawo wa Baba.

Da yake duk tufar garin ta hannunsa take bi, ya san halin yadi kamar yadda ungozoma ta san ciki. Mutum zai tafi sayen yadi sai ya ratse ta mabuga ya yi shawara. Baba ba ruwansa da launi, tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe za ka sa?" In ka ce da bazara, ya ce ka nemi fara marar shafi wadda iska za ta ratsa. In da damina ne sai ya hana ka mai shuni, ya ce ruwa ɗaya zai dake ka ka koma gida kamar wanda ya faɗa ramin marina, gara kaki, shi ne mai saurin bushewa. Saƙi mai kauri kuwa a wurinsa na kwana arba'in ɗin sanyi ne kawai, daga nan a kaɗe a adana. Malaman ofis ma, da suke tafiya kamar ƙasa ba za ta ci su ba, a gabansa suke tsugunawa.

Cikinsu har da Maharazu, ɗan Iya Fanta ta unguwarmu. Ubansa ya rasu tun yana goye, uwar ce ta yi ta soya ƙuli-ƙuli har ya gama makarantar Midil a Kano, ya dawo aka ɗauke shi akawu a wani ofis a nan Rano. Su biyu ne rak a gidan, shi da ita, lokacin bai yi aure ba. Cikin aikinsa har da hawa keke ya kai takardu Kibiya duk ranar kasuwa.

Farkon shekarar da aka ba da mulkin kai, sanyi yana tsakiyarsa, sai ga shi a mabuga da wani littafi mai hotunan Turawa a tsaye ƙiƙam, kowa cikin kwat da wando. Littafin oda ne: ka zaɓa, ka aika ta gidan waya, a turo maka daga Ingila. Ni ina gindin durumi ina sayar da fura, don lokacin na dawo gida zawarci, wannan kuma ba labarin yau ba ne. A kunnena aka yi.

Ya ce, "Baba Lado, duba mini wannan baƙar. Ta ulu ce, mai kauri, irin ta manyan Turawa."

Baba ya kai hoton dab da ido. "Ulu, wato gashin tunkiya?"

"Na tumakin Ingila, Baba, ba irin namu ba."

"To madalla da tumakin Ingila. Sai yaushe za ta iso?"

"Wata uku, ko huɗu. A jirgin ruwa take zuwa."

Baba ya ce, "Malam Maharazu, yau haƙoranka kaɗawa suke, shi ya sa idonka ya faɗa kan mai kauri. Ranar da za ta iso kuwa, ƙadangare ma inuwa yake nema. Ba su da mai shara-shara?"

Maharazu ya buɗa bayan littafin ya nuna wata fara-fara, yana yatsina fuska. "Ga ta. Amma ita ai kamar ta kuku ce."

"Ɗauki ta kukun. Wata tara za ka more ta. Wannan baƙar kwana arba'in ne nata, sauran shekara asu ka saya wa abinci."

Maharazu ya yi wata dariya ta hanci. "Baba ke nan. Riga kam kun sani, amma kwat sai wanda ya yi boko."

Na ce daga inda nake, "Malam, boko yana hana gumi ne?"

Baba ya harare ni, na ci gaba da dama furata.

Baƙar ya aika aka kawo. Bayan ƙaramar salla ta iso, tsakiyar bazara, lokacin da in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa. Kuma wallahi ya sa ta. Da wandonta, da igiyar nan da suke shaƙe wuyansu da ita, ya hau keke ya nufi Kibiya. Wata Bafillatana da nake sayen nono a wurinta ta ja ni gefe ta tambaye ni ko zazzaɓi akawun nan yake yi da ya lulluɓa haka. Ba a yi wata guda ba gumi ya zana fari-fari a bayan kwat ɗin kamar bakin tafki da rani. Da damina ta faɗi, ruwa ya kama shi sau ɗaya a hanya, ya ji tana wari kamar jiƙaƙƙen rago, sai ya cusa ta cikin adaka, ko shanyawa bai yi ba, ya koma wa tsohon kakinsa. A ofis kuwa ya ce wai adana ta ya yi sai ranar mulkin kai, ranar za a ga yadda ake sa kaya. Ya yi ta cika baki har masinja ya haddace.

Saura kwana goma ya buɗe adaka. Funfuna ta cinye ta, ta yi tsanwa-tsanwa kamar tuwon da aka manta a bayan randa.

Da rana tsaka ya kawo wa Baba ita, rataye a kan keke, duk mutanen marina suna kallo. Ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Da ni ce sai na ce masa ya kai wa bokon ya wanke. Baba kuwa cewa ya yi, "Ban taɓa aikin irin wannan yadi ba. Bar mini ita kwana huɗu in gani."

Ka ji abin da tsohon da aka ce bai san kayan zamani ba ya yi. Ya juya ƙafar wandon, ya yanko ɗan ƙyalle daga cikin kalmasa, inda ido ba ya gani, ya raba biyu. Ɗaya ya jefa a ruwan zafi, ya fito ya ƙanƙance kamar kunnen ɓera. Ɗayan ya ɗora a gungume ya buga sau uku, gashin ya mutu, wurin ya yi sulɓi kamar an ƙona. Ya ce, "To, ta gaya mini abin da ba ta so." Ya rataye ta a inuwa kwana biyu iska na kaɗa ta. Ya samo busasshen soso ya bi ta a hankali har funfunar ta kakkaɓe. Inda gumi ya zana ya yi ta dannawa da tsumma da ruwan sanyi, ba cuɗa ba murza. Ya aro dutsen guga wurin tela, shi da a rayuwarsa yake cewa guga aikin rago ne, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen alawayyo a kanta ya goge ta sama-sama. Inna ta turara ta da turaren wuta. Kwana huɗu ya bar rigunan mutane a jibge saboda ita.

Ta fito kamar ranar aka sauke ta daga jirgi. Da Maharazu ya zo karɓa, Baba ya ce masa, "Kada ta ga ruwan zafi, kada ta ga sitaci, kada a doke ta. Kuma kada ka nemi ƙyalli a jikinta, ita haka aka yi ta." Maharazu ya kama hannun Baba da hannu biyu yana cewa, "Baba, ka fi Turawan iyawa." Da kunnena na ji. Yana sauri ne lokacin, an tura shi Kibiya kwana biyu kan shirin biki, ya ajiye ta a gida ya wuce.

Ranar mulkin kai kowa ya fita fili, aka ɗaga tuta, 'yan makaranta suna ta waƙa. Malaman ofis sun jeru a gaba. Na duba, sai ga Maharazu cikin tsohon kakinsa, fuska a murtuke. Abokan aikinsa suka yi masa caa. "Ina kwat ɗin Ingila? Ko tana jirgi har yanzu?" An ce abin da ya ce da farko shi ne, "Na kai wa Lado." Nan ya tsaya. Amma kowa ya ga ranar da ya kai, suka bi shi gida suka ce sai sun gani, da suka gani suka ce wannan ba abin bari ba ne, tilas a je gaban mai unguwa. Shi kuma ya bi su. Ƙarya haka take, kai ka haife ta, ita ta ja ka.

Mata ba sa shiga zauren, sai na laɓe a jikin zana ina leƙe. Aka baza kwat ɗin a kan tabarma. Innalillahi! Hannun kwat ɗin ko gwiwar hannu ba zai wuce ba. Kafaɗa ɗaya ta dunƙule kamar curin fura. Ta sandare ƙaƙas kamar busasshiyar fata, maɓallan duk a farfashe, ga wani sulɓi tabo-tabo ko'ina.

Baba ya ɗauka. Ya juya ta, ya shafa tabon da babban yatsa, ya kai ta hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago ya dubi Maharazu, ya daɗe yana kallonsa. Maharazu kuwa tabarma yake ta kallo kamar yau ya fara ganin kaba.

Mai unguwa ya ce, "Malam Lado, ta bi ta hannunka?"

"Ta bi, ranka ya daɗe."

"Kana da magana?"

"Ba ni da ita."

Sai Maharazu ya gyara murya ya ce, "Ni dai na yafe. Tsoho ne, bai san kayan zamani ba."

Zauren ya ɗauka: "Allah ya yi maka albarka, Malam Maharazu! Ɗan halak ke nan!" Kai, da zagin Baba ya yi da ya fi mini sauƙi. Wanda aka yafe wa a gaban jama'a ai an gama tabbatar masa da laifi. Na ɗaga murya daga bayan zana na ce, "Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne!" Aka ce wace marar kunya ce, aka kore ni.

Da la'asar na tsare Baba a gida. Na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini abin da ya shinshina. Ya yi ta kauce-kauce, da ya ga ba zan bari ba ya ce, "Guduma faɗi take bari a jikin yadi. Waccan tabonta zagaye ne, bakin taɓarya ke nan. Ga warin kanwa, ga ƙullun gero. Wane mai bugu ne yake sa ƙullun gero? Aikin tsohuwa ne, kuma mace ɗaya ce a gidan Maharazu."

Nan na gane. A Rano in kayanka suka dawo daga mabuga ba ƙyalli, to an cuce ka ne, kowace mace ta san haka. Iya Fanta ta ga rigar ɗanta a rataye dishi-dishi, ga biki ya matso, ga shi ba ya gari, kuma bai gaya mata komai ba. Sai ta ce bari ta ƙarasa abin da Lado ya yi ha'inci a kai. Ta dafa ta da kanwa, ta tsoma ta a ƙullu, ta kifa turmi ta ɗora, ta ɗauko taɓarya.

Na ce, "To ka faɗa mana, Baba! Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa, gobe 'yan matan dandali su sa Fanta a waƙa? Matar da ta ƙone yatsunta a kasko shekara ashirin saboda yaron nan? Shi kuma a ofis a riƙa nuna shi, ga ɗan bokon da uwarsa ta dafa kwat. Don so ta yi, Ramlatu."

"Sunanka fa?"

"Hannuna yana nan, gudumata tana nan. Wanda ya sani ya sani."

Ashe waɗanda suka sani ba su da yawa. Malaman ofis suka fara janyewa, mutanen gari suka bi sahu, don a garin nan in mai albashi ya yi atishawa kowa mura yake yi. Azumin da ya biyo baya, lokacin da a da riguna ke taruwa har sai Inna ta rasa wurin shimfiɗa tabarma, Baba ya gama aikin salla tun saura kwana biyar ya zauna yana kallon hanya. Dole ta sa ya nemi jaki, da tsufansa, duk ranar kasuwar Kibiya ya tafi tattaro kayan mutanen ƙauye. Can ma labarin ya riga shi isa. Wani ya miƙo masa riga yana cewa, "Tsoho, a yi a hankali fa, kada a yi mini irin ta akawu." Baba ya ce, "In sha Allahu." Ya dawo yana ba mu labari yana murmushi, ni kuwa ranar ko ruwa bai wuce mini ba.

Sau ɗaya na tare Maharazu a hanyar ofis, na riƙe kan kekensa. Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka san wanda ya dafa ta."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ramlatu, uwata ce. Yaya kike so in yi?"

Na ce, "Ni kuma daga kogon kuka na faɗo, ba ni da uba?"

Ya fizge kekensa ya tafi. Kafin in isa gida an kai wa Baba rahoto wai na tare malamin ofis a titi, ni aka yi wa faɗa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Zamani ya juya, manyan Kaduna duk babbar riga suke sawa, ba mai maganar kwat, malaman da ke shaƙe wuya jiya su ne yau ke gasar shadda mai ɗinkin aska. Maharazu ya sami ƙarin girma, an mayar da shi Kano. Makon jiya da hantsi ina mabuga sai ga Iya Fanta tana dogara sanda, da ƙunshi a ka. Ta sauke, sabuwar shadda ce fara, ɗinkin hannu, ta ɗanta, da ita zai kama sabon aiki.

Ta ce, "Malam Lado, ni ce na ce sai kai. Ya so ya kai wani wuri, na ce a'a, mutum ba ya kuskure sau ɗaya a jefar da shi. Waccan ma da ka dawo da ita ba ƙyalli, na yi iya ƙoƙarina in ceto ta, ashe ta riga ta mutu tun a hannunka. Amma komai ya wuce. Ni ce ma na ce masa ya yafe maka."

Jama'a! Har na miƙe zan yi magana. Baba ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ramlatu, kawo wa Iya ruwa, ta sha rana." Sannan ya juya ya ce mata, "Na gode, Fanta. Allah ya bar zumunci."

Na kawo ruwan.

Baba ya buga rigar, tun daga hantsi har azahar, yana juyawa yana ninkewa, sai da ta zama in ka duba za ka ga fuskarka. Shekaranjiya Maharazu ya sa ta ya tafi tasha, mutane suna ta shafawa suna tambaya wane gwani ne ya yi wannan bugu. Ka san abin da ya ce? Wai a Kano aka buga masa.

Baba ba ya karatun boko, ba zai ga wannan ba sai in wani munafuki ya karanta masa, in kuwa ya ji, na san kashina ya bushe. Ni ban ce a sa Iya Fanta a waƙa ba, duk yarinyar da ta fara ni zan fara marinta, tsohuwa ba ta san ta yi ɓarna ba har yau. Amma ɗanta ya sani, yana Kano yana shan iskar fanka, nawa uban kuwa yana bin jaki a rana yana cewa in sha Allahu ga masu yi masa ba'a. Ana ta gaya mini haƙuri, wai rufin asiri ne, wai lada yake samu. To kai da ka karanta, in ubanka ne, za ka bar shi ya shiga kabari da laifin da bai yi ba don kada a yi wa uwar wani dariya?